Ranar da Na Tuɓe Hula a Ikko

Tashi daga Kontagora

Da asuba muka ɗaure wa jakuna kanwa, muka bi bayan madugu Ɗanbaba. Kowa riba ta fito da shi, ni kuwa yayata Ladi nake nema. Mu Kambari ne na wajen Beri. Ina ɗan yaye mahara suka faɗa wa ƙauyenmu suka tafi da ita. Sai bara wani bafatake ya ce ya ga mace mai tsagen gidanmu a Ikko, cikin masu sujada a ɗakin Kirista. Inna, wadda idonta ya riga ya tafi, ta riƙe rigata a ƙofa.

"Audu, ko gashin kanta ne ka kawo mini," ta ce.

Raba da Ilori

A Raba muka ƙetare Kwara. Nufawa masu fito suka tsuga mana kuɗi, jakina kuma ya kafe a bakin ruwa sai da ƙarti suka ciccibe shi. A Ilori na fara cin sakwara da miyar da ta sa ni hawaye. Daga nan daji ne mai duhu, kowane gari da shingensa da masu karɓar kuɗin hanya, har muka shiga kwalekwale zuwa Ikko.

Lahadi a Ikko

Mai masaukinmu Baba Gambo ya daɗe a garin. Ya ce, "Ɗakunan Kirista da yawa. Amma in waɗanda ba sa gajiya da waƙa ne, Metodis ke nan. Je ka da hantsi, in ka ji ƙararrawa. Ba sa korar baƙo."

Na sa rigata ta salla, na kafa hula. Ina isa ƙofa na tuɓe takalma, kamar yadda duk mai tarbiyya zai yi. Wani dattijo mai tarbar mutane ya yi murmushi, ya ce da guntuwar Hausarsa, "Takalmi, sa. Hula, cire."

Na zaci zolaya ce. Na leƙa, sai ga maza a jere kan benci, kowa da takalminsa, kai a buɗe kamar masu jiran wanzami. Mata suna nasu gefen da manyan ɗankwali. Ba alwala, ba tabarma. Ni kuwa tun da na yi hankali ba wanda ya ga tsakar kaina sai wanzami, saboda wani tabo mai faɗi da gashi ya ƙi fita a kansa. Na maida takalma, na shige da hulata, na zauna a bakin benci.

Mai wa'azi ya karanta baiti da Yarabanci, jama'a suka miƙe suka rera shi da ƙarfi har na ji a ƙirjina. Wallahi ban san kalma ɗaya ba, amma na ji daɗi. In an tashi na tashi, in an durƙusa addu'a na sunkuyar da kai ina tasbihina, ba wanda ya harare ni. An karanta littafinsu, an yi wa'azi mai tsawo, an zaga da faranti, wanda ba shi da abin sawa ya miƙa gaba.

Duk wannan idona yana gefen mata. Fuskoki sun yi yawa, tsage kala-kala, ni kuma ban tuna kamanninta ba. Da aka miƙe waƙar ƙarshe sai na ce a raina: yanzu za a watse, in koma wa Inna hannu biyu.

Dattijon nan ya zo ya tsaya kusa da ni, ya nuna kaina a hankali. Kunyarsa ta kama ni, na cire hular. Wasu yara suka fara ƙunshe dariya.

Sai murya guda ta yanke a gefen mata. Wata mace kakkaura ta ratso tsakiya, ta kama kaina da hannu biyu ta sunkuyar da shi, kamar mai duba ƙwarya a kasuwa.

"Murhu," ta ce da Kambarci. "Ni na yar da kai a kan murhu."

"Yaya Ladi?"

Ta kurma ihu. Waƙa ta wargaje. Da aka fassara wa mai wa'azi, sai ya ɗaga hannu suka sake ɗaukar ta daga farko, mu biyu muna tsaye a tsakiya muna kuka. Ashe sayar da ita aka yi, jirgin Turawa ne ya ƙwato ta daga jirgin bayi a teku. Yanzu Saratu ake kiranta, mijinta kafinta ne, da 'ya'yansu. Na ci abinci a gidanta har Ɗanbaba ya gama sayen goro. Hanya ba aminci ga wadda aka taɓa sayarwa, don haka ba ta biyo ni ba, sai ta kwance ɗankwalinta ta ba ni in kai wa Inna.

Gida

Mun shigo Kontagora da la'asar, farkon damina. Godiya ta tabbata ga Allah, da madugu, da Baba Gambo, da dattijon da ya matsa mini. Wanda duk hanya ta kai shi ɗakin nan, ya bar takalminsa a ƙafa, ya riƙe hula a hannu.

Inna ta daɗe tana shinshina ɗankwalin. Sannan ta laluba kaina, ta ture hular, ta ɗora yatsu kan tabon tana dariya, hawaye na zuba.

"Ranar nan na doki Ladi har hannuna ya gaji," ta ce. "Da na sani, da tuwo na ƙara mata."