Tanti Rakiya da Kuɗin Kujera

Duk wadda ta taɓa raka Tanti Rakiya kanti a cikinku ta san tambayar nan. Za ta ɗauki kaya, ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta karanta farashi, sannan ta waiwayo: "Da wutsiya ko babu?" A bakin Tanti, wutsiya ita ce duk kuɗin da ke lallaɓowa bayan farashi: harajin da ake ƙarawa a wurin biya, ɗan ihsanin masu kawo abinci, kuɗin leda. Shekara talatin da ɗoriya ta yi a Greenbelt, ta yi ritaya daga gidan rediyo, ta aurar da 'ya'ya, amma ba ta taɓa yafe wa Amurka wannan hali ba.

"A kasuwar Damagaram," in ji ta, "idan mai kaya ya faɗi kuɗi, kin san saukowa za a yi. Nan kuwa hawa ake yi. Wace irin ƙasa ce ciniki ke tafiya da baya?"

Tunda kun ce in faɗi wani abu a kanta yau da muka taru a gidan nan na Bowie, to ku yi haƙuri, dariya za ku yi. Ita ma da tana nan, ita za ta fara.

Ni dai ba ita ta haife ni ba. Marigayi mijinta kawuna ne, kuma a gidanta na sauka lokacin da na zo daga Kano karatun jinya. Ba ta kirana Bilkisu sai na yi laifi, kullum "Bakanuwa". A makona na farko ta raka ni tashar Greenbelt don ta koya mini shiga jirgin ƙasa. A zamanin kuɗin jirgi na safe ya fi na hantsi tsada. Muna isa bakin ƙofa ta riƙe mini hannu, ta kafa wa agogo ido. Mutane na wucewa, mu muna tsaye kamar masu gadi.

"Tanti, zan makara aji fa!"

"Ilimi ba ya gudu, Bakanuwa. Kuɗi ne ke gudu."

Minti ashirin muka yi. Na makara, amma mun tsira da abin da bai kai kuɗin shayi ba.

To wannan matar ce wata rana ta kira ni ina bakin aiki a asibiti a Largo, murya cike da murna. 'Yar ƙanenta, Nafisa, za ta yi aure a Lyon, can Faransa, kuma ni zan raka ta. Ta ce ta gano wani tikiti da ake ce wa fas: ka biya sau ɗaya, ka yi ta hawa jiragen ƙasa na Turai, ƙasa bayan ƙasa, har kwanakinka su cika.

"Na karanta shi ciki da bai," ta ce. "Wannan guntu ne, ba shi da wutsiya. Ashe akwai sauran masu tsoron Allah a cikin Turawa!"

Kada ku manta da abu ɗaya: kayan da amarya za ta sa a walima, leshi da lafaya da aka ɗinka a nan, suna cikin akwatin Tanti. Ta ƙi a aika su ta gidan waya. Kun san dalili.

Muka sauka Paris ranar Asabar da safe, walima ƙarfe huɗu na yamma. Jirgi mai gudu awa biyu yake yi zuwa Lyon. Tanti ta nufi tagar mai tikiti tana taku ɗai-ɗai, ta ajiye fas a gabansa, ta buɗe Faransancinta na Damagaram: "Bonju, Mushe." Ni da na taso na san mushe a matsayin abin da ungulu ke ci, sai da na toshe baki da mayafi.

Mutumin ya duba, ya yi murmushi, ya ce fas ɗin lafiya lau yake. Sai dai jirgi mai gudu sai an kama kujera, yuro goma kowane mutum.

Wallahi na ga fuskar Tanti ta sauya kamar an yi mata albishir da gobara. Ta juyo gare ni a hankali.

"Bakanuwa. Ta fito."

"Me ya fito, Tanti?"

"Wutsiyar. Naɗe ta suka yi a ƙarƙashi."

Ta koma kan mutumin, ita ke yi mini fassara tana huci. Ta ce masa to, a bar kujerar, za ta tsaya da ƙafafunta, ai awa biyu ce. Ya ce ba a tsayuwa a wannan jirgin, kowa sai da kujera. Ta ce to me ta saya da fas ɗin? Ya ce tafiya. Ta ce to a ba ta tafiyar. Ya ce tafiyar tana kan kujera.

"Kin ji ko? Sun sayar mini da tuwo, yanzu sun ce in sayi baki!"

Na ce, "Tanti, don Allah bari in biya. Yuro ashirin ne mu biyu."

"Ki biya ki tafi ke kaɗai. Amma akwatin amarya yana hannuna."

Mutumin, bawan Allah, ya gaji ya nuna mata jiragen talakawa, masu tsayawa a kowane gari, waɗanda fas ke shiga ba ƙarin ko sisi. Awa biyar da wani abu, da canji a Dijon. Tanti ta lissafa da yatsu ta ce za mu isa ƙarfe uku da rabi. "Har mu yi wanka."

Jama'a, na ga Faransa ranar nan. Na ga shanunta ɗaya bayan ɗaya. Duk inda aka kafa benci da tukunyar fure, sai jirginmu ya tsaya ya gaishe su. Can gefe jirgi mai gudu zai wuce fuu, Tanti ta bi shi da harara ta ce, "Gaggawa aikin shaiɗan." A Dijon muka tarar wanda za mu canza ya tashi, saboda namu ya makara. Na gaba sai bayan awa guda. Na ce zan zaga, na dawo na ce mata bayan gidan tasha ma sai an saka yuro ɗaya ƙofa ke buɗewa.

"Inna lillahi! Har shi?" Ta gyara zama a kan akwati. "Riƙe. Na cikin jirgi yana cikin fas."

Waya kuwa ba ta huta ba. Uwar amarya ta kira ya fi sau goma. Ina jin muryarta daga inda nake zaune: "Yaya Rakiya, kuna ina? An gama kwalliya, yarinya tana zaune da zanen wanka!" Tanti ta ce, "Ga mu nan, mun kusa," alhali ko jirgin ba mu gani ba.

Da ƙarfe huɗu ta gota, muna wani gari da ake kira Makon, aka ce jirgi zai ɗan jira. Sai ga muryar Nafisa da kanta a waya, tana kuka. Nan Tanti ta miƙe. Ta ja akwati, muka fita, ta tare tasi. Ba zan faɗa muku abin da mai tasin nan ya karɓa ba, don akwai masu hawan jini a ɗakin nan. Ku dai sani ya isa ya saya mana kujerun rabin tarago.

Muka isa shida saura. Amarya ta riga ta shiga da aron lafayar ƙawarta, an yi hotuna, shinkafa ta huce. Aka ja ta ɗaki aka sake shirya ta, ta fito karo na biyu aka sake guɗa. Ƙanen Tanti ya zo yana girgiza kai.

"Yaya, saboda yuro goma?"

"Kai, rufe mini baki. Wace amarya ce a Lyon ta taɓa fitowa sau biyu? Gata na yi mata."

Ni ma na matsa kusa na ce, "Amma Tanti, kuɗin tasin nan fa?"

"Tasi daban, jirgi daban. Shi mai tasi ya faɗi kuɗinsa tun kafin in shiga, mutumin kirki. Jirgi kuwa ko sisina bai ci ba. Ki rubuta ki ajiye."

Kuna zaton ta yi laushi? Ina! Bayan biki ta ce fas yana da sauran kwanaki, haramun ne a bar shi ya lalace. Muka gangara Italiya a jiragen talakawa, har muka kai Milan. Daga nan tana son ganin garin nan da aka gina a kan ruwa, Venis. A tasha ta ga wani jirgi mai sheƙi, ƙofa buɗe, ba mai tsaro. Ta ce mu shiga.

"Tanti, irin mai kujerar nan ne."

"Ga kujeru nan birjik ba kowa. Zama a kan abin da ba mai shi ai taimako ne. Ke dai ki yi shiru, kada in ji Turanci a bakinki."

Ba mu yi nisa ba sai ga mai duba tikiti. Ya karɓi fas, ya nemi takardar kujera. Ya yi Italiyanci, ya yi Turanci, ya yi Faransanci. Matar da ta yi shekara da shekaru tana fassara labaran duniya a rediyo ta dube shi da idon tsohuwar da ba ta taɓa barin ƙauye ba, ta ce da Hausa tsantsa: "Sannu, yaro. Ina gajiya? Ya mutanen gida?"

Ya sake bayani, yana nuna kujera da yatsa. Ta ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Na sunkuyar da kai ina karanta duk addu'ar da na sani. Mutumin ya fara sosa ƙeya, alamar zai haƙura ya wuce.

Sai muka ji murya daga kujerar baya: "Salamu alaikum, Hajiya! Ikon Allah, Hausa a jirgin nan! Ni ɗan zangon Kumasi ne, shekarata goma sha biyu a Italiya. Kada ki damu, bari in fassara miki."

Wani dattijo ne mai fara'a, ya taso har da riƙe ƙirji don ladabi. Ya fassara mata komai tsaf, bai rage ko harafi ba: kuɗin kujera kaza, tarar shiga ba izini kaza. Sannan ya juya ya tabbatar wa mai tikiti cewa Hajiya ta fahimta sarai.

Tanti ta juya ta harare shi. "Alhaji, wa ya aike ka?"

"Ai zumunci ne, Hajiya."

"Allah ya saka. Gobe in ka ga Bahaushiya tana magana da Bature, ka yi zumunci da taga."

Ta ciro jaka daga cikin jaka daga cikin wata jakar, ta biya. Da na ce mata ai wannan ya yi kama da yaudara, sai ta ce, "Kin ji na ce ban iya ba? Gaishe shi kawai na yi. Gaisuwa laifi ce?" Daga nan har Venis ba ta motsa daga kujerar nan ba. Na ce ta zo taga ta ga ruwa, ta ce, "Na biya zama, zama zan yi." Kafin mu sauka kuma ta cika Alhajin Kumasi da dabino da dubulan ɗin biki, ta karɓi lambar matarsa, shi ya ɗaukar mana akwati har bakin ruwa.

Yawancinku kun ji waɗannan daga bakinta, ko da yake a nata labarin ita ce ta yi nasara a kowace tasha. Ga wanda ba ku ji ba.

Bayan mun dawo Milan, ranar da za mu kama hanyar Paris don mu hau jirgin sama, na tashi da jiri da amai. Ban sani ba ashe cikin 'yata Amira ne, ga ta can yanzu ta fi ni tsawo. Tanti ta riga ta tsara mana jiragen talakawa har guda biyar, kwana biyu a hanya. A tashar Milan na zauna a kan akwati, ban yi ƙorafi ba don na san hali. Ta dube ni, ta taɓa goshina, ta duba idona. Ta ce in jira ta.

Ta dawo da ruwan sanyi da takardu biyu. Jirgi mai gudu, kai tsaye, kujerar taga, har da ta masu hali inda ake miƙe ƙafa.

Na ce, "Tanti! Kin biya?"

"Ban biya ba. Kafin in miƙa na yi niyyar sadaka. Allah na ba, su dai sun karɓa ne kawai." Ta kama hannuna ta tashe ni. "Kuma in kika faɗa wa wani a Maryland, ban yafe ba. Ina da mutunci a garin nan."

Har Paris kaina yana kan kafaɗarta, ta lulluɓe ni da lafayarta, tana yi mini tofi tana korar duk wanda ya ɗaga murya kusa da mu. Ko ruwa ba ta tashi ta sha ba don kada in farka.

Shekara goma sha huɗu ina riƙe da wannan sirri. Yau na fasa ƙwai, Tanti, ki yafe mini. Na ga ya kamata su san wadda suka rasa.

Allah ya jiƙan Tanti Rakiya, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta. Yadda ta lulluɓe 'yar wani a ƙasar da ba ta san kowa ba, ya Allah ka lulluɓe ta da rahamarka. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.