Bi Mboja, Mai Tsaron Maƙogwaro

Kwana goma sha biyu a kowane wata, shida a tsayuwarsa, shida a cikarsa, ruwan tekunmu yakan janye nesa har sai ka ce fushi ya yi da mu. A irin waɗannan ranakun, da hantsi Bi Mboja za ta fito daga gidanta riƙe da dogon gora, da jan zane a kafaɗa, da ɓawon kwakwa biyu a cikin kwando, ɗaya cike da tsakuwa, ɗaya babu komai. Za ta taka a hankali cikin jiƙaƙƙen yashi har ta isa baƙin dutsen nan da ke bakin Maƙogwaro, ta zauna. Duk wanda ya haye zuwa tudun murjani, za ta ɗauki tsakuwa ɗaya ta jefa a ɓawon da babu komai. Idan ya dawo ta mayar da ita. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan zama, ba wanda ya sa ta, ba wanda yake biyan ta.

Sunana Vuai Pandu. Shekara goma sha huɗu ina sharar bakin ruwa a gaban wani otal a nan gabashin tsibirin Unguja. Aikina in tattara ciyawar da teku ya kwaso, in haƙa rami in binne ta kafin baƙi su gama karyawa, don ba sa son ganin ta. Karatuna bai yi nisa ba, a yi mini afuwa idan na yi tuntuɓe. Na zauna rubutun nan ne saboda Bi Mboja za ta bar dutsen, ni kuma 'yata Kidawa kullum tana hayewa, kuma ba ta iya iyo ba.

Baƙinmu suna zuwa ne idan sanyi ya kama ƙasarsu. Yawancinsu tsofaffi ne, su yi wata uku, wasu huɗu. Kullum abu ɗaya suke yi. Su ci, su shafa mai, su kwanta a rana kamar kifin da aka shanya, su juya ɗaya gefen, su yi ƙorafin ƙuda, su tambayi abin da za a ci da rana. Mutum ya yi mako uku a haka dole ya gaji. Sai wata safiya ya ɗaga kai ya ga teku ya tafi, ya hango farin kumfa can a kan tudu, ya ce bari ya taka ya gani.

Abin da bai sani ba shi ne, tsakaninsa da tudun akwai kwarin da muke kira Maƙogwaro. Da safe ruwansa iya ƙwauri ne, yaro ma zai haye. Baƙo yana can a kan tudu yana kallon teku a gabansa, yana cewa ai ruwa bai taso ba. Amma ruwanmu ba ta gaba yake dawowa ba. Ta baya yake zagayowa, ya cika kwarin tukuna, da gudu kamar an ɓalle famfo. Kafin mutum ya waiwayo, hanyar gida ta rufe.

Kafin Bi Mboja ta fara zama, a shekara uku mutum biyar Maƙogwaro ya ci. Ta biyar ɗin ƙanwarta ce, sun je kamun pweza tare, kifin nan mai hannu takwas, ita ta hayo, ƙanwar ta tsaya zaro ɗaya daga rami. Bayan sadakar arba'in ta ɗauki gora ta tafi dutsen. Tun daga ranar har yau ba mu binne kowa ba ta dalilin wannan kwari.

Ba ta da agogo. Ciyawar da ke ƙasan ruwa take kallo. Muddin ruwa na fita, ciyawar a kwance take, kanta na fuskantar teku. Da zarar ta miƙe tsaye, Bi Mboja za ta ɗaura jan zane a kan gora ta ɗaga, ma'ana kowa ya kamo hanya. Idan ka jira har ciyawar ta kwanta tana fuskantar gari, ka makara. Masu kwale-kwale kuma suna da al'ada, mutum biyu daga cikinsu ba sa barin gaɓa sai sun ga ta sauke zanen, don sauke shi na nufin ɓawo ya koma babu komai, kowa ya dawo.

Akwai wani tsohon Bajamushe, Gerhard, hunturu goma sha ɗaya yana zuwa, har ya iya yarenmu a karye. Yana da agogon da yake cewa ya san lokacin ruwa. Na sha jin su, yana ce mata Bibi, wato kaka mace a yarenmu, ita kuma tana ce masa Babu, wato kaka namiji.

"Bibi, kin yi gaggawa. Agogona ya ce saura minti arba'in."

"Babu Jan Tumbi, agogon naka ya iya iyo?"

"Ba ya jin ruwa, Bibi. Har zurfin mita ɗari biyu."

"To madalla. Idan an tsamo ka sai a ba matarka shi yana aiki."

Yakan yi dariya har tumbin ya girgiza, amma ban taɓa ganin ya wuce daƙiƙa ɗaya a kan tudu ba bayan zane ya tashi.

Wani mai kwale-kwale, Makame, shaida ne a kan ranar da tsakuwa ɗaya ta rage. Kowa ya ce an gama hayowa, ma'aikatan otal sun ce baƙinsu sun cika. Ta ce ita ba ta san cika ba, tsakuwa ɗaya ta sani. Aka ce wataƙila kuskure ta yi ta jefa biyu. Ta ce, "Makame, in ba za ka je ba, ba ni sandar tuƙin." Kunya ta sa ya tafi. A bayan wani dutse ya tarar da wata tsohuwa Ba'italiya zaune, ƙaya ta cika mata tafin ƙafa, ruwa ya kai mata ƙugu, tana ta kira da muryar da iska ke kwashewa. Washegari matar ta aiko da kwalin alewa. Bi Mboja ta raba wa yara, ta koma dutsenta.

Ke ce idon gaɓa, Bi Mboja. Ke ce kika san adadinmu alhali mu ba mu san adadin kanmu ba. Kin zauna cikin ranar da ke fasa ɓawon kwakwa, kina ƙirga 'ya'yan wasu, kina ƙirga mutanen da ko sunanki ba su tambaya ba, waɗanda suka ɗauki hotonki suna tsammanin sayar da tsakuwa kike yi.

Kidawa shekararta ashirin da uku. Jarrabawa ba ta yi mata kyau ba, amma kunnenta ya yi, a bakin ruwan nan ta tsinci yaren Italiya da na Jamus. Ita ke kai baƙi tudu ta nuna musu taurarin teku da kifaye masu launi. Wata huɗun nan su ke ciyar da gidanmu sauran wata takwas, da ni da uwarta da ƙannenta uku. Don haka ba ni da bakin da zan ce kada ta je. Abin da ke sa ni iya riƙe manjagara ina shara shi ne, duk sanda na ɗaga kai ina ganin Bi Mboja a kan dutse.

Ba mu san idonta ya tafi ba. Ta ɓoye mana fiye da shekara. Ashe da ƙafa take jin ciyawar, ta tsoma ta cikin ruwa ta bar ta. Mutane kuma da gaisuwa take ƙirga su, don duk mai hayewa sai ya gaishe ta, mai ja-gora kuma ya ce, "Bibi, mu huɗu ne."

Ranar Juma'ar da ta wuce ta sama, Kidawa ta makara. Ta yanke ta ƙasan dutse da baƙi biyu, mata da miji, sababbin zuwa, ba ta tsaya gaisuwa ba, tana ganin ai Bibi ta gan su. Zane ya tashi a kan lokaci, Kidawa ta gani. Baƙin suka ce hoto ɗaya, minti biyar. Sauran mutane suka hayo, ɓawo ya koma babu komai, Bi Mboja ta sauke zane, masu kwale-kwale suka tafi masallaci. Ni ma na sa farar rigata zan bi su, sai Allah ya sa na waiwaya. Kawuna uku na hango a tsakiyar Maƙogwaro. Biyu a sama, ɗaya yana nutsewa yana fitowa.

Ban san yadda na isa ba. Na dai san mijin dogo ne, ya riƙe Kidawa a wuyan riga, ruwa na jan ƙafafunta, ita kuma bakinta a rufe, idonta a buɗe tana kallona. Da muka fito ta yi ta aman ruwan gishiri a kan yashi. Matar tana kuka tana tambaya ko za a mayar musu da kuɗinsu ko a'a, ban sani ba ko ruɗewa ce.

Da la'asar Bi Mboja ta aiko in zo. Na tarar da ita a tsakar gida, goran a jingine.

"Baban Kidawa, na sauke zane 'yarka tana cikin ruwa."

"Laifinta ne, Bibi. Ba ta gaishe ki ba."

"Rufe mini baki. Da ina gani, gaisuwar me zan jira? Makauniyar da mutane suka dogara da ita ta fi babu kowa haɗari. In babu kowa a dutsen, kowa zai ji tsoro ya dawo da wuri. In ina nan, sai su ce ai Bibi na nan."

Ɗanta zai zo ya tafi da ita birni a duba idon, kuma ya ce ba za ta dawo da zama ba. Ta roƙe shi ya ƙara mata mako biyu, ko wani zai zo ya koya.

Na je wurin manajan otal. Ya ba ni kujera, ya saurare ni, ya ce sun riga sun sa an buga allo mai jadawalin ruwa, da yare huɗu, za a kafa a bakin matakala. Na ce masa idan iskar arewa ta taso, wadda kuma a daidai watannin baƙi take tasowa, ruwa yakan riga takarda. Ya ce duk wanda ya wuce allon, ya fita daga hannun otal. Na je wurin mai unguwa, ya ce zai rubuta wasiƙa. Na je inda samari ke zama a ƙarƙashin kwakwa suna jiran baƙi.

"Dattijo, nawa ake biya?"

"Ba a biya."

"To ka ce mu zauna muna wasa da tsakuwa, abokanmu na can suna kama Turawa?"

Suka yi dariya. Ban ga laifinsu sosai ba, su ma wata huɗun nan suke da shi.

Sai na ce bari in gwada da kaina. Kwana uku ina gama shara da sauri in ruga dutsen. Ranar farko na ce ciyawa ta miƙe, Bi Mboja ta tsoma ƙafa ta ce saura. Rana ta biyu na jira, ta finciki goran daga hannuna ta ɗaga, ta ce da ni kaɗai ne da yau an yi makoki. Rana ta uku mai kula da mu a otal ya aiko a gaya mini in zaɓa, ko manjagara ko dutse.

A ranar ce ta tambaye ni abin da nake gudu.

"Wai shekarun baya da aka zo koya wa 'yan mata iyo, wa ya hana Kidawa?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Na ji ka da kunnena a bakin masallaci. Ka ce 'yarka ba za ta shiga ruwa maza na kallo ba. To ga shi ta shiga, gari duka na kallo."

Ba ni kaɗai na hana ba, kusan duk iyayen unguwarmu haka muka yi, muna ganin mutunci muke karewa. Amma ni ne 'yata ke hayewa. Na ce wa Kidawa ta zo in koya mata yanzu, ko da sassafe ne. Ta dube ni ta ce, "Baba, baƙi su gan ni ina haɗiyar ruwa a hannun ubana, wa zai ƙara bina? Bari su tafi tukuna." Sai watan uku na shekara za su tafi. Tsakaninmu da watan uku akwai janyewar ruwa har sau biyar.

Bi Mboja, na gode. Na gode a madadin uwar Kidawa da ba ta iya zuwa ta faɗa miki ba tare da kuka ba. Na gode a madadin waɗanda suka koma ƙasarsu da rai ba su san ke ce sanadi ba. Kada ki tafi da nauyin Juma'ar nan a zuciyarki, shekara ashirin da shida ba sa gogewa da rana ɗaya. Allah ya buɗe miki idonki, ya saka miki da abin da mu muka kasa.

Ku kuma 'yan uwana na wannan gaɓa, ba kuɗi nake roƙo ba. Mutum nake roƙo mai ido biyu da haƙurin zama, mace ko namiji, ko mutum uku ne su riƙa karɓa-karɓa. Ta ce wanda ya natsu zai iya kama karatun ciyawar cikin mako guda, sauran kuma shekaru ne za su koya masa. Tana nan har Litinin ta sama. Tun da aka yi shelar neman mutum a masallaci, ba wanda ya je.

Wata zai cika ranar Talata, kwana ɗaya bayan tafiyarta. Kidawa na da baƙi shida a ranar. Na riga na gaya wa mai kula da mu cewa ba zan gama shara ba, dutsen zan tafi, ya yi abin da zai yi. Da na gaya wa Kidawa, ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce kada in yi ba. Ta san sau biyu na gwada, sau biyu na kuskure. Ta ci gaba da wanke takalman roban baƙinta, can ta ce, "To Baba, in kana shakka, ka ɗaga da wuri. Gara su zage ni."