Juma'ar da Yaya Ta Ba da Labari

Har yau in na ratsa layin masu atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar, ƙamshin sabon yadi ya bugi hancina, baffa nake tunawa. Ina yi masa addu'a kamar yadda ake yi wa kowane mamaci, amma littattafansa kam ban yafe musu ba.

Baffa wan mahaifinmu ne, shi ne babba a gidanmu na wajen Kokoro, kuma yadi yake sayarwa. Ya taɓa zuwa Kano, ya dawo da ƙananan littattafan labarai na yara, da kuma tabbacin cewa duk mun lalace. Babban laifinmu a wurinsa shi ne mahaifiyarmu haifaffiyar ƙasar nan ce, da harshenta na Sango muka buɗe baki, Hausarmu kuwa tana ɗingishi.

Kowace Juma'a, in an sauko daga Masallacin Koudoukou an ci tuwon rogo an wanke hannu, sai ya sa a shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro ya tara mu. Labaran duk ƙira ɗaya ce. Yaro ya ƙi jin magana, yaro ya faɗa rijiya. Yarinya ta yi tsiwa, yarinya ta makance. To baffa yana da salon da ya ƙara. Yakan cire sunan yaron da ke cikin littafin, ya sa sunan wanda ya yi laifi a cikinmu a wannan makon. Ni da kake gani, wani kada ya taɓa cinye ni a gaban 'yan'uwana, na kuma taɓa mutuwa da ciwon ciki saboda satar gyaɗa. Muna zaune muna jin jana'izar kanmu, ƙudaje na bin ruɓaɓɓen mangwaro, ba mai ikon motsi.

Wadda ta fi kowa mutuwa ita ce yayata. Ita kaɗai ce mace a gidan da ke zuwa lekol, makarantar Faransanci, kuma baffa ya ƙudura sai an cire ta. Damina guda cur ba a kashe kowa ba sai ita. In ya zo inda yarinyar ta halaka sai ya ɗaga murya, don baba da ke kishingiɗe a zaure ya ji. Baba bai ce a cire ta ba, bai kuma ce a bar ta ba. Mutum ne da bai taɓa musa wa wansa ba ko a kan gishirin miya.

Wata Juma'a da hadari ya haɗu, baffa ya gama binne yaya, ya rufe littafi yana shafa gemu. Kakarmu, wadda ta haifi baffa da baba, tana gefe tana ɓare egusi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Kai, kullum kai ne mai labari? Ke 'yar nan, tun da kin sha mutuwa, ba mu naki mu ji."

Inna ta yi wa yaya alama da ido daga bakin madafa, amma ta yi kamar ba ta gani ba. Ta gyara zama, ta fara, rabi Hausa rabi Sango. Wai wani babban mutum ne ya ɗinka babbar riga da yadin shagonsa, ya tafi masallaci yana taƙama. A hanya ruwa ya sauko. Riga ta fara tsukewa. Ta bar idon sawu, ta bar gwiwa, kafin ya kai ƙofar masallaci ta tsaya a cibiya. Shuɗi ya zuba ya rine masa gemu, har awaki suka daina tauna suna kallonsa. Da liman ya tambaye shi lafiya, sai ya ce ai haka ake yayi a Kano.

Ba ta kira sunan kowa ba. Babu buƙata, duk unguwa ta san abin da yadin baffa ke yi in ya ga ruwa. Muka yi ta birgima a tabarma. Kaka ta zubar da egusinta. Daga zaure ma mun ji wani tari wanda ba tari ba ne.

Baffa ya miƙe ya ce wa zauren, "Ka ji abin da ake koya mata."

Ba a shiga sabon mako ba sai da aka ajiye jakar makarantar yaya. Aka zaunar da ita gefen inna tana suyar makala, ƙosan fulawar nan da ake sayarwa da safe. Baba ya ce na ɗan lokaci ne.

Tun daga nan na yi yawo. Na zauna a Duwala, na zauna a Hartum, na leƙa Kano da Faransa, kuma ko'ina sai na ɗaga littattafan da ake rubuta wa matasa na duba, a duk harshen da nake ji. Na ga masu kyau. Amma yawancin waɗanda ke isowa hannun yaranmu, masu su ba su taɓa zama da yaro ba. Na da suna tsorata shi, na yanzu suna tausaya masa, kuma ban san wanne ya fi raini ba. Yaron Kilomita Biyar a cikinsu ba ya wasa, ba ya zolaya, ba ya satar mangwaro. Yunwa ce da kuka da darasi a shafin ƙarshe, alhali yaran nan sun ga abin da suka gani kuma da safe suna buga ƙwallo suna zagin juna da Sango.

Yaya tana nan, ta tsufa a bakin kasko, ɗan karatun da ta yi ya zube tuntuni. Kwanan baya jikarta ta kawo ɗaya daga irin littattafan nan daga lekol, mai bango mai sheƙi, labarin wata yarinya. Yaya ta juya shi, ta miƙo mini ta ce in fassara mata. Ban yi nisa ba ta tsayar da ni da matsamin makala.

"Kai dai tsallaka ƙarshe," in ji ta, "mu ji wa ya mutu."

Na tsallaka. Yarinyar ce.