Ruwan Bakwai-da-Huɗu

Mutanen layi suna kiransa Bakwai-da-Huɗu, kuma shi ya jawo wa kansa. In ka ce masa ina kwana, kafin ya tambayi iyalinka zai gaya maka yau ruwansa yana kan bakwai da ɗigo huɗu, ko kuma ya kuskure da ɗigo ɗaya shi ya sa ka gan shi wani iri. Ruwan da yake nufi na wurin ninkayar da ke bayan gidansa ne, tsawon mita takwas, faɗin huɗu, da shuɗin tayil da tsanin ƙarfe mai ƙyalli. Lambar kuwa ma'aunin tsamin ruwa ce. In ta yi ƙasa da yawa ruwa ya ci ido ya ci tayil, in ta yi sama ruwa ya yi hazo.

Halin ba a bakin ruwa ya fara ba. Yana yaro aka saya masa takalmi, ya ɓoye a kwali don kada ya yi ƙura, ranar da ya ga dama ya fito da shi ƙafar ta riga ta fi ƙarfinsa. Da ya girma ya zama mai kula da sito a wani kamfanin sabulu, kuma har ya yi ritaya ba abin da ke masa daɗi kamar ma'aikaci ya zo neman safar hannu ya koma hannu wofi, kantar sito kuwa cike. Kujerun motarsa har yau suna cikin ledar da suka zo da ita. Kujerun falonsa ma haka. Baƙo in ya zauna lokacin zafi, sai an ji ƙarar ɓamɓaruwarsa in zai tashi.

Shekarar da ya ajiye aiki gwiwar matarsa ta hagu ta fara ciwo. Hajiya mace ce mai jiki, ta haifa masa 'ya'ya biyar ta aurar, ba ta taɓa kwanciya a asibiti ba. Likitan ƙashi ya duba hoton gwiwar ya ce abin da zai taimake ta shi ne tafiya a cikin ruwa, ruwa ya ɗauke nauyin jiki, naman da ke riƙe gwiwar ya yi ƙarfi. In ba haka ba, nan gaba sai aiki.

Bakwai-da-Huɗu ya tashi haiƙan. Ya sa aka tumɓuke lambunta na bayan gida, aka haƙa rami, aka zuba kankare. Duk wanda ya leƙo, sai mai gidan ya dafa ƙirji ya ce masa, "Saboda Hajiya ne." Maƙwabta suka yi ta sa masa albarka. Aka cika ruwa, injin tacewa ya fara gunji, Hajiya ta sa aka ɗinka mata doguwar rigar shiga ruwa mai wando, ta rataye a bayan ƙofa.

Kula da irin wannan ruwa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Ka ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ka ɗiga maganin gwaji, ka girgiza, ka kara da katin launi. Tsami ya tsaya tsakanin bakwai da biyu zuwa bakwai da shida, kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta tsakanin ɗaya da uku. In lambar ta yi ƙasa ka zuba soda, in ta yi sama ka zuba asid, ka bar inji ya juya ruwan kafin ka sake aunawa. Ka kwashe ganye da raga, ka wanke matata. Mutum mai abin yi ya gama wannan kafin shayinsa ya huce, ya kama gabansa.

Shi kuwa ya mayar da shi aikin gwamnati. Ya sayi kayan gwaji iri uku don kada ɗaya ya yi masa ƙarya, sai suka riƙa saɓa wa juna, ya sayi na huɗu ya raba gardama. In ya ga bakwai da biyar, wanda kowane mai hankali zai ce alhamdu lillahi, sai ya zuba asid. Ba zai jira inji ya gauraya ba, sai ya sake aunawa a gefen da maganin bai kai ba, ya ƙara. Kafin azahar ruwa ya faɗo bakwai da ɗaya. Sai ya ɗauko soda. Haka yake wuni yana kora ruwa sama yana kora shi ƙasa, fuska a murtuke kamar mai jinyar uwarsa.

Hajiya ta fito da sandarta, riga a kafaɗa.

"Alhaji, yau fa?"

"Yau ba zai yiwu ba. Na zuba magani, sai ya huta."

"Jiya ma hutawa ya yi."

"Jiya daban. Jiya kulorin ne ya hau."

"To ni yaushe zan huta da ƙafar nan?"

"Ki bari ya daidaita. Ranar da ya tsaya cak a bakwai da huɗu, ni da kaina zan riƙe miki hannu."

Abin da bai gaya mata ba shi ne ya karanta a takardar da ta zo da kayan gwajin cewa warin nan da ake ji a wuraren ninkaya ba na kulorin kaɗai ba ne, haɗuwarsa ne da gumi da man shafawa na jikin mutane. Tun daga ranar, in ya dubi matar da suka tsufa tare, ba ya ganin gwiwa. Gumi yake gani, da man shafawa, da lallen ƙafa, duk suna tahowa da sanda za su faɗa masa cikin ruwa. Shi kansa bai iya iyo ba. Abin da ya taɓa shiga ruwan nan na jikinsa bai wuce hannun dama zuwa gwiwar hannu ba.

Damina ta zo ta wuce. Ruwan sama uzuri ne, iska uzuri ce, ganye ɗaya uzuri ne. Rigar ta daɗe a rataye har kafaɗarta ta ɗauki siffar ƙusa.

Sai ƙanwar Hajiya ta zo, wadda gidan ke kira Anti Ƙarama, malamar makaranta ce mai tuƙa motarta da kanta, ba ta kuma taɓa raga wa mijin yayarta ba. Ta same shi tsugune, ya ɗaga kwalba yana hangen ta a rana.

"Yaya, sannu da jinya. Ya mai jikin?"

"Tana ciki, je ki gan ta."

"A'a, wannan nake nufi, ɗan autanka. Na ga ya yi kyau, ya murmure. Yaushe za a yaye shi?"

"Ke ba ki san komai a kan ruwa ba."

"Na san ana jiƙa jiki da shi. Likita ya ce in aka ci gaba haka za a yanka gwiwar nan, ta gaya maka?"

"Ta faɗa. Ai shi ya sa nake ƙoƙari."

Ta dube shi daga hula har silifa, ta ja tsaki ƙasa-ƙasa ta shige ciki.

Daga wannan makon Anti Ƙarama ta riƙa zuwa da safe tana ɗaukar yayarta. "Asibiti za mu," Hajiya ke cewa daga bakin ƙofa. "Allah ya tsare," yake amsawa, ido a kan katin launi. Bai taɓa tambaya me ake yi mata a can ba. Bai kuma lura cewa ƙusar bayan ƙofa ta zama wayam ba.

Wata safiya abin da yake tsoro ya faru. Ya auna da na farko, bakwai da huɗu. Na biyu haka, na uku haka, na huɗu ma ya yarda. Kulorin biyu daidai. Ruwa garau, ana ƙirga layukan tayil a ƙasa. Ya zaga ya ɗebo daga ɗaya ƙarshen ko Allah zai sa a samu matsala, babu. Ya yi wa Hajiya alkawari da bakinsa, yau ba wurin ɓuya. Ya ja ƙafa ya nufi cikin gida kamar wanda za a karɓe wa filin gado.

A tsakar gida ya ci karo da su sun dawo. Hajiya ce gaba, tana takawa a hankali amma da ƙafafunta biyu, sandar a hannun ƙanwarta. Daga jakarta hannun rigar nan ya leƙo, jiƙe sharkaf.

"Hajiya, ruwa ya... ya daidaita. In kina so."

"Allah sarki, Alhaji. Ai na yi na yau. Akwai wurin ninkaya a sashen gashin ƙashi, can nake shiga, ni da wasu tsofaffi."

"Ruwan jama'a? Kowa da guminsa? Kin tambaye su ko a kan lamba nawa yake?"

"Mun tambaya, Yaya," in ji Anti Ƙarama. "Sun ce ya kai lambar ajiye sanda. Likita ma ya ce a bar maganar aiki tukuna." Ta miƙa masa sandar. "Riƙe, ka auna ta."

Hajiya ta wuce ta shanya rigarta a igiya. Ba ta ko kalli bayan gida ba. "Ka bar naka ya huta," ta ce. "Ya sha wahala."

Ya tsaya da sanda a hannu. Ya san ya kamata ya ji kunya, ya ɗan laluba ko za ta zo. Abin da ya zo wani sanyi ne a ƙirji, irin wanda yake ji a da in ya kulle sito da yamma ba a fitar da ko tsinke ba. Ya koma bakin ruwansa da sauri, ya ja tamfal ya rufe shi ruf kafin rana ta cinye masa kulorin.

Sandar ma ba ta yi asara ba. Tsawonta ya yi daidai da bokitin da yake narka soda, da ita yake motsawa yanzu. Ya ce ta fi itacen da yake amfani da shi a da, don ba ta zubar da ɓawo.