Kututturen da Ba a Taɓa Ba

Kwanan baya motar da na hau ta tsaya a Kwanar Dangora, sai wata mata ta miƙo faranti ta taga, cike da naman kaza, da sauran ƙasa a gindinsa. Waɗanda ke kusa da ni suka kawar da kai. Ni kuwa ƙamshin nan na jiƙaƙƙen ganye da ya fara ruɓewa ya ratsa ni, har na ga kaina ina yarinya, riƙe da ƙwarya, ina bin bayan kakata cikin kurmin doka da ke bayan gonarmu.

Ƙauyenmu yana gaba da Burumburum, ta hanyar Doguwa. A shekarun tamanin, in ka wuce gona ta ƙarshe sai ka faɗa cikin doka. Mai karatu, ban sani ba ko ka taɓa ganin doka da bazara, lokacin da sabon ganyenta ke fitowa jajawur yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Da rani kuma kwanson 'ya'yanta ke fashewa, tas, tas, tsakar rana, har ka waiwaya ka ga ko wani ne ke jifa.

Ruwa na zama sosai Kaka za ta ɗaura zane ta ce, "Ƙawata, tashi mu je cefane." Ta san wanda ake ci da wanda ke kisa. In ta tuge naman kaza sai in tsuguna in leƙa ramin. A ƙarƙashin matattun ganye akwai wani farin zare siriri, kamar yanar gizo-gizo, ya bi ƙasa ya nannaɗe ƙananan saiwoyi. Nakan ja shi a hankali in ga inda ya nufa, kullum sai ya tsinke. Kaka takan ce funfuna ce kawai, in goge hannuna.

Mahaifiyata 'yar birni ce, ba ta ci. "Inna, wannan fa lemar kwaɗi ce," in ji ta, tana toshe hanci.

"To, ashe kwaɗo ya fi wasu sanin daɗi," Kaka za ta amsa, tana zuba daddawa.

Amma ba naman kaza kaɗai ke kai ta kurmin ba. A tsakiyarsa akwai wani kututture mai faɗi, tsayinsa bai wuce gwiwar babba ba. Kakana ne ya sare itacen tun yana saurayi, ya sassaƙa ƙyauren ɗakin da aka kai ta, da kujera 'yar tsugunno wadda take zama a kai har tsufanta. Ni ban riske shi ba. Abin da na riska shi ne kututturen, kuma kututturen bai mutu ba. Ba shi da reshe, ba shi da ganye. In ya yi ɗan tofo, shanun makiyaya su cinye, ko wutar daji ta lashe. Duk da haka ɓawonsa ya yi ta naɗowa kan saran, kamar yadda fata ke rufe miki. Kaka takan zauna a kai ta huta, kafin ta tashi kuma sai ta sa farce ta ɗan ɓantari gefensa. Ciki ɗanye shar, har da danshi.

"Yana nan," abin da take cewa ke nan. Ba ta ƙara komai, ni ma ban taɓa tambayarta wa take nufi ba.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke dawa na da ciki. Rumbunmu ya ga ƙasa tun kafin azumi, ga ƙannena sun ƙaru. A lokacin ne masara da takin zamani suka cika bakin kowa, duk mai sauran daji yana neman ya mai da shi gona. Mahaifina ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ga 'ya'yansa suna lashe ƙwarya suna kallonsa. Ya yanke shawarar share kurmin.

Shi ne ɗan farin Kaka, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ko suna zaune a tabarma ɗaya, ni ce hanyar maganarsu. Ranar da ya zo da batun ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ta daɗe tana kaɗa mazari, sannan ta dube ni.

"Gaya wa babanku, ya sare abin da zai sare. Abu ɗaya zai bar mini."

"Ce wa Inna, gatari ba zai taɓa shi ba. Ni da kaina zan kewaye shi da ƙaya." Sannan ya ƙara da cewa, "Waɗannan manyan su ne suka tare masa rana, suke shanye masa ruwa. In sun kau, wa ya sani, ƙila ya yi ganye."

Na ga fuskar Kaka a lokacin. Mazarin ya tsaya. Da daddare ta ci tuwo fiye da yadda ta saba, washegari kuma ita ce ta dama wa masu saran kunu.

Rani guda aka yi ana aikin. Aka sare, aka tone saiwoyi, masu gawayi suka yi ta turnuƙa hayaƙi. Da tarakta ta zo ta kifar da ƙasa, na ga farin zaren nan a kwance a rana, ya yi curi-curi a jikin hoge, kafin la'asar ya bushe ya zama ba komai. Kututturen kuwa yana tsakiyar fili shi kaɗai, cikin shingen ƙaya, ko ƙwarzane babu. Mahaifina ya sa direban ya yi ta kewaye shi, direban na ta mita.

Masara ta yi kyau a shekarar, ba zan ɓoye ba. Mun ci mun ƙoshi, ƙannena suka yi kumatu. Kaka kuma ta shiga jiran ganye. Ta kai masa takin akuya, ta riƙa ɗaukar ruwa a buta da rani tana zuba masa, ina biye da ita. Damina ta farko ya yi tofo kaɗan, muka yi murna, ta ce kada in gaya wa kowa tukuna. Tofon ya yi rawaya ya zube. Bayan haka in ta ɓantari ɓawon sai ta daɗe tana murza shi a yatsa. Ta koma ɓantara ta ƙasa-ƙasa, kusa da gindi, inda sauran ɗanyen ya gudu.

Wata safiya lokacin girbi, bayan an karya masara, Kaka ta sa farce sai ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya, gara ta zubo. Ta gwada wani gefen. Ta zagaya shi duka, a durƙushe. Sannan ta zazzage ruwan butar a ƙasa, ta miƙo mini hannu na tashe ta.

A gida ta tarar da mahaifina yana gyaran rumbu. Ta tsaya, ta juya masa baya kamar kullum.

"Gaya wa babanku ya cika alkawari. Allah ya yi masa albarka. Shi kuwa kututturen, kwanansa ne ya ƙare."

Ba ta sake zuwa gonar ba. Naman kaza ma ya daina fitowa, miyarsa ta fita daga gidanmu ba tare da kowa ya lura ba. Ta rayu 'yan shekaru bayan haka, a kan kujerar nan, tana kaɗi.

Sai da na yi nisa a karatu na san mene ne farin zaren. Naman kaza kansa ne kawai ke leƙowa waje, jikinsa shi ne zaren. Yana manne wa saiwar itace, ya kawo mata ruwa da abincin ƙasa daga inda ba ta kaiwa, ita kuma ta ba shi zaƙin da ganyenta ya haɗa da hasken rana. Zare ɗaya kan haɗa itace da itace, wasu saiwoyin ma su manne da juna. Masana na cewa ta nan abinci kan ratsa daga mai ganye zuwa marar ganye, har da alamar cewa wani na cikin wahala, ko da yake har yanzu suna gardama kan yawan abin da ke wucewa. Ni ban shiga gardamar ba. Na rufe littafin na yi tagumi. Kututturen da ba shi da ganye ko ɗaya, shekara da shekaru, wa ke ciyar da shi? Waɗanda muka ce suna shanye masa ruwa. Mun tsare shi daga gatari, daga shanu, daga tarakta, muka raba shi da masu ba shi abinci, sannan muka zo masa da buta.

Yanzu daga Tudun Wada har ƙauyenmu masara ce iyakar gani, sai ɗorawa jefi-jefi, kowace a tsaye ita kaɗai. Yaran gidanmu ba su san ƙarar fashewar kwanson doka ba. Na sayi naman kazan matar nan, na tambaye ta inda ta samo, ta nuna kudu da haɓa ta ce da nisa, kowace shekara kuma ƙara nisa yake.

Na kai wa mahaifina miyar. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yana zaune a kan kujerar Kaka. Da ya ji ƙamshin ya yi murmushi, ya kama zancen kurmin, har ya zo kan kututturen.

"Kin dai shaida," ya ce, "ko sau ɗaya gatari bai taɓa shi ba."

Na dubi hannunsa, hannun da ya ciyar da mu.

"Na shaida, Baba," na ce. "Ci, kada ta huce."