Hoton Kurar Kawu

Kawuna gardi ne, irin masu wasa da kura a kasuwa. Tun ina ƙarami yake yawo da kurarsa tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo, shi riƙe da sarƙa, ita da takunkumi a baki, mai ganga na biye. Da hanyoyi suka ɓaci, shiga kasuwannin ƙauye ya zama kasada, ga kura ba ta cin tuwo. Dole ya miƙa ta ga wani gidan zu, inda ake ajiye namun daji, a can babban gari. Daga baya ƙafa ta kwantar da shi, ko masallaci sai an riƙa shi.

Ni kuwa hoto ne sana'ata, na biki da na katin makaranta. Na sayo wani dogon gilashin kyamara na hannu, mai jawo nesa kusa, don ɗaukar masu ƙwallo. Ranar da kawu ya ga na jawo tsuntsu daga kan giginya har ana ƙirga gashinsa, sai ya ce, "Kai ɗan nan, tahi ka ɗauko min hoton kurata. So nike in san tana raye, kuma ana ba ta abinci."

Abin ya daɗe yana cinsa. Yakan ce amana ya bayar aka kulle.

Na ce, "Kawu, kuraye duk fuska ɗaya gare su. Da mi zan gane ta?"

Ya harare ni. "Ga wawa dai. Kunnenta na hagu tsage yake."

Na yi sammako, na isa da hantsi. Kuraye uku ne a kejin, duk sun lafe can ƙurya saboda rana. Tsakanina da su ragar waya ce mai ƙananan idanu. Duk hoton da na ɗauka sai kyamarar ta kama wayar tangararau, kurayen su koma kamar tsummokara a baya. Raina ya ɓaci, har na fara zagin wanda ya sayar mini da gilashin.

Wani dattijo mai kula da wurin ya gaji da tsakina. Ya ce ya sha ganin masu irin kayana: manna bakin gilashin suke yi a jikin raga, su murza shi har ƙarshe, su saita a kan idon dabba. Na gwada. Wayar ta narke ta ɓace ɗungurungum. Sai dai hannu na rawa hoton ya dagule, don haka na dafe gwiwar hannu a kan ƙarfen shinge, ina riƙe numfashi.

Har bayan azahar ina nan, 'yan kallo na ta ture ni. Da aka doso da nama ne ta ƙarshensu ta ɗaga kai, na ga tsagar kunnen. Na danna sau biyar, ɗaya ya fita. Kura ce sosai a ciki, ido na ƙyalli, bayanta kore-kore kamar fadama. Babu waya, babu siminti. Na ji daɗi ƙwarai, har na yi wa kaina kirari. Na ƙudurta zan ce wa kawu fili aka ba su mai faɗi, hankalin tsoho ya kwanta.

Na wanke shi babba, na kai masa a zaure. Ya kai shi bakin ƙofa wurin haske.

"Ita ce," in ji shi. "Ba ta rame ba."

Na ce ai nama suke ci kullum, kuma ba a keji suke ba, ga shi ma yana gani.

Bai kula ni ba. Ya ɗora yatsa a kan doron hancinta. Sai a lokacin na lura da wani wuri da gashi ya goge, fata ta yi sanƙo har ta ɗan tsage. Gilashin nawa ya fito da shi tsaf.

"Wanga mi ne?"

Na ce ƙila faɗa suka yi.

"Haƙori ba ya yin haka. Waya ce. Gogawa takai tana biɗar hanya." Ya dube ni. "Kai dai ka iya ɓadda waya ga takarda."

Kunya ta kama ni.

"Shekara tara tana hannuna da takunkumi," ya ce, "hancinta bai taɓa ƙujewa ba."

Na tambaye shi ko in kafa masa hoton a bango. Ya miƙo mini shi a kife, ya ce in tafi da abina.