Gaisuwar da Ta Cinye Mini Kofi

Jikokina ba su yarda na taɓa yin gudu ba. In na ce musu ƙafafun nan sun zagaye Kaduna, sai su dubi tumbina su kwashe da dariya. Ni kuwa ban gama firamare ba, amma a fannin gudun fanfalaki, wato tsere mai dogon zango, ina ganin na kai farfesa.

A lokacin ina masinja a wata ma'aikata. Kowace shekara akan haɗa tsere tsakanin ma'aikatu, mu kuma ƙananan ma'aikata mu ake turawa, don manya ba sa gudu sai in albashi ya fito. Mai horar da mu wani tsohon soja ne a Abakpa, Saje muke ce masa. Da an sallame sallar asuba muke taruwa ƙofar gidansa, kowa da takalmin kambas ɗinsa da ya sha farar ƙasa, da singileti, da gajeren wando. Mu miƙa har bakin Rigasa, lokacin gonaki ne da mangwarori, mu juyo ana hura wutar ƙosai. Ya hana mu tuwo da safe, ya hana mu shan ruwa da yawa, koko kawai. Har yau in na ji ƙanshin ƙasa bayan ruwan asuba sai gwiwoyina su motsa, su kuma tuna shekarunsu su koma su kwanta.

Abin da ya fi ba Saje wahala da mu ba numfashi ba ne, gaisuwa ce. Bahaushe ba ya wuce babba a guje. Muna cikin tafiya sai wani ya hango liman, ya ci birki, na baya su yi karo da shi.

"Kai, ku 'yan tsere ne ko 'yan gaisuwar Sallah?" in ji Saje. "Ɗaga hannu ka yi jinjina, ka wuce! Wanda ya tsaya, jininsa ya huce, ya gama yawo."

Muka koyi jinjina. Amma akwai mutum ɗaya da jinjina ba ta isa ba: wani dattijo mai shagon yadi a Doka, wanda nake neman 'yarsa. Magabatana sun je, ya ce zai duba, kuma dubawar ta daɗe. An ce yana tambayar halina a wajen mutane. Don haka duk atisayenmu ban taɓa bari mun bi layinsa ba. Ina zan kai ƙwaurina tsirara gaban surukin da bai ma amsa sunan ba?

Ranar tsere sai ga hanya ta bi ta ƙofar shagonsa, ƙiri-ƙiri.

Wallahi ranar ƙafata ta yi kyau. Mun ci rabin hanya ina cikin na gaba-gaba, wani dogo daga ma'aikatar ruwa ne kawai ke gabana, ina jin hucinsa kamar zugazugi. Saje na biye da mu a keke yana ihu. Muna shan kwana na hango dattijon zaune kan benci, da carbinsa, da abokansa, idonsa a kaina.

Hannuna ya fara ɗagawa zai yi jinjina. Ƙafafuna suka ƙi. Na ratse, na tuɓe kambas, na durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ya gida? Ya kawunka da ƙafar tasa?"

"Da sauƙi, Baba."

"Madalla. Ya aiki? Ya ruwa?"

Mutane na wuce ni fuu, fuu. Saje ya jingine keke can gefe ya dafe kai. Dattijon bai rage ko ɗaya ba, har tsohuwarmu ta ƙauye sai da ya tambaya. Sannan ya dubi gwiwoyina, ya miƙa hannu cikin shago ya jawo wani guntun atamfa ya yafa mini.

"Yaro, wa ya biyo ka?"

"Ba kowa, Baba. Tsere ne."

"Tsere? To wa ya ce ka tsaya? Tashi ka bi 'yan'uwanka!"

Na tashi, jini ya huce kamar yadda Saje ya faɗa. Na ƙarasa dai, da atamfa ɗaure a ƙugu, har an fara naɗe tabarmi. Saje ya yi mako bai amsa sallamata ba, da ya huce kuma ya riƙa kirana "ango mai zane".

Bakinsa ya kama. Kafin watan ya fita dattijon ya aika wa kawuna cewa ya gama dubawa, a zo a sa rana, amma a gaya wa yaron ya nemi dogon wando.

Yanzu nakan zauna ƙofar gida da safe in ga samari suna gudu da waya toshe a kunne. Ko kallo ban ishe su ba. Nakan yi musu jinjina da kaina, don kada ladan ya faɗi ƙasa.

Kwanaki na ce wa uwargida, 'yar dattijon nan, da ban tsaya ba da yanzu akwai kofin tsere kan kabad ɗinmu.

"Malam," in ji ta, "da ka sha koko a kofin kai kaɗai."

Atamfar kuwa da ita ta goyi babban ɗanmu, uban waɗannan masu yi mini dariya.